Sun Karrama Ki da Siminti, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hannatu, wadda garinmu ya fi sani da Injiniya.

Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe ko da sauri nake. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don inda kike ba a ciwo. Mu dai muna nan yadda kika bar mu. Jikokinki sun girma, damina ta yi albarka, sabuwar masara har ta fara sauka a kasuwar Funtua. Na san tsarin wasiƙa shi ne a jero labarai masu daɗi tukuna kafin a taɓo mai ɗaci, amma yau ba ni da wannan haƙurin, Mama.

Maganar asibitin haihuwa ce, wanda kika gina wa garinku. Sun ce za su karrama ki da shi, kuma sun karrama ki. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa miki yadda karramawar ta ƙare, don na gaji da haɗiye ta ni kaɗai. A fili na ajiye wannan wasiƙa, na san ba ke kaɗai za ki gan ta ba. Masu karantawa su karanta. Waɗanda abin ya shafa kuwa sun san kansu, ko ban kira sunan gari ba.

Bari in fara tuna miki ko wace ce ke, don tun bayan tafiyarki an yi ta karanta tarihinki a lasifika har na fara zaton wata mata ake nufi.

Ke 'yar manomin auduga ce, daga wani gari a gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Makarantar mishan ce ta ɗauke ki, a zamanin da ake ganin karatun 'ya mace ya isa in ta iya rubuta sunanta ta bi waƙoƙin sujada a takarda. Kika wuce nan, kika wuce can, har kika dire a jami'a kika ce zanen gine-gine za ki karanta. Kakanmu bai gane ba. Shi a saninsa ba a zana gini, ƙasa ake tonowa a kwaɓa. Duk da haka ya kai audugarsa ya sayar, ya raka ki tashar Funtua ya sa ki a jirgi.

Ke kaɗai ce mace a ajinku. Kin sha ba ni labarin nan kina dariya: ginin da ake koya muku zanen gini a cikinsa ba shi da makewayin mata, don wanda ya zana shi bai taɓa kawo wa ransa mace za ta shigo ba. Sai ki tsallaka fili cikin rana ki nemi na wani sashe. Tun daga nan, duk zanen da aka shimfiɗa a gabanki, ko na gidan wane ne, abin da yatsanki ke fara nema shi ne inda mata za su zagaya.

Da kika fara aikin gwamnati, in kin je wurin gini sai leburori su gaishe ki da ladabi, su kawo miki benci a inuwa, su ce Madam ta zauna kafin Injiniya ya iso. Ba kya musu. Sai ki ɗaure gyale a ƙugu ki kama tsani. Kin ce, "In na hau sama na nuna musu inda bangonsu ya karkace, sai su daina jiran mijina." Haka sunan Injiniya ya bi ki, duk da kin gaji da bayanin cewa ke mai zanen gini ce, injiniya daban. Ke ce mace ta farko daga wannan yanki namu da ta yi wannan aiki, amma ban taɓa jin kin faɗa da bakinki ba.

Kin zana makarantu da rumfunan kasuwa, kin zana majami'u, kin zana masallatai, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya zauna ba. Lambobin yabo ba su zo ba sai da furfura ta zo. Suka yi ta zuwa kuwa, na katako da na gilashi da na ƙarfe mai ruwan zinariya. Ina tuna wani babban faranti da abokan aikinki suka ba ki, an rubuta sunanki a tsakiya. Na dawo hutu na tarar kin shanya kuɓewa a kansa bisa rufin ɗakin girki. Da na yi magana kika ce, "Cikinsu duka wannan ne kaɗai ya san abin da ya kawo shi gidan nan."

Da kika ajiye aiki kowa ya ɗauka a Kaduna za ki zauna. Sai ga ki a gari da akwati da teburin zane. Ba ki manta da ƙanwarki Saratu ba, wadda ta cika a bayan a-kori-kura ana gudu da ita Funtua tana naƙuda. Kika ce kafin ki bi ta, sai matan garin nan sun sami inda za su taka da ƙafarsu su haihu.

Da aka ji da ƙasa za ki gina, gari ya ɗauka. Yayanki, Kawu Bitrus, ya zo har gida yana huci, wai duk bokon nan da aka ƙarar da auduga a kansa, ki dawo ki yi mana ɗakin laka a bakin titi? Kika dube shi sama da ƙasa kika ce, "Yaya, laka ce ta rene ka, ga ka nan har da tumbi."

Harsashin dutse kika sa, daga dutsen bayan gari, ya tashi har gwiwa kafin tubali ya hau. Bango mai kauri, mutum na iya zama a taga ya jingina. Kwanon rufi kika bar shi ya zarce bango sosai, kamar malafa, yadda ruwa zai zuba can nesa. Can sama ƙarƙashin rufi kika jera ƙananan kafofi don zafi ya sami hanyar fita, a tsakar gida kuma kika dasa mangwaro. Ɓangare biyu ne: na gaba, inda ɗakin haihuwa da ɗakin masu jego suke, da na baya, inda 'yan jinya ke kwana suna girki. A tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza buɗe baki take, mace za ta shigo tana gumi, an jima kaɗan ta nemi mayafi.

In ruwan fari ya sauko, kowa na gudu ɗaki ke kina fita. Ki ɗauki lema ki zagaya ginin a hankali kina kallon inda ruwa ke bi, zani a jiƙe, mu muna ta kiranki daga taga. Kin ce ruwa ne babban mai duba aiki, shi kaɗai ne ba ya karɓar goro.

Amma abin da ya riƙe ginin ba a takardar zane yake ba. Duk shekara in an gama kaka, kafin ruwa ya dawo, sai a yi gayyar yaɓe. Iya Abu, ƙawarki tun kuna ɗibar ruwa a rafi, ita ke shela. A jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwansa ya yi ja, wato makuba, a kwaɓa ƙasa da shi, a bi bango da hannu ana shafawa. Doka ɗaya kika kafa: duk macen da ta haihu a nan cikin shekarar sai ta zo da goyonta ta shafa, ko da tafi ɗaya ne. Matan zumunta da matan Islamiyya da matan ruga masu kawo nono, kowa hannu dumu-dumu, ana waƙa ana tsokanar juna, ɗanwake na dahuwa a gindin mangwaro. Kin ce ginin da ba a taɓa shi duk shekara maraya ne. Kuma kin faɗa, ba sau ɗaya ba, a gaban manya da yara: "Kada siminti ya kusanci bangon nan. Ƙasa tana shan ruwa ta fitar. In kuka rufe ta da siminti, ruwan zai shiga ya rasa ƙofar fita."

Ni kuwa da na gama karatun ungozoma a nan aka ajiye ni, don haka abin da zan faɗa miki ba ji na yi ba. A ciki nake wuni.

Ranar jana'izarki motoci suka cika gari har bakin titi. Mutanen da ba su taɓa ɗaga wayarki ba lokacin da kike roƙa wa asibitin gadaje, su ne a sahun gaba da baƙin tabarau suna share ido. Bayan an fito daga sujada wani baƙo daga Abuja ya ce a nuna masa aikinki, aka kai shi asibitin. Ban san abin da ya ce ba. Abin da na sani, Alhaji Garba, shugaban ƙungiyar ci-gaban gari, ya dawo kamar an mare shi. Wai ya ji kunya. Wai mace mai suna irin naki, a ce abin da za a nuna a garinsu ɗakin laka ne da mata ke shafa wa taɓo kamar rumbu. Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba, Mama, suka fara jin kunyar aikinki.

Aka kafa kwamitin karramawa. Alhaji Garba shugaba, Kawu Bitrus wakilin iyali. Ban taɓa ganin Musulmi da Kiristan garin nan sun haɗa kai da sauri irin na wannan karon ba, kuma abin takaici a kan ɓarna suka haɗa shi. Na je taronsu na maimaita musu maganarki yadda kika faɗe ta. Alhaji Garba ya yi murmushi ya ce, "Sista, ke allura kika sani, bar wa maza gini." A taron karrama mace mai zanen gini ya faɗi haka, kuma ba wanda ya ji wani abu a jikinsa. Kawu ya ja ni gefe ya ce ba a hana mutane yi wa mamaci alheri, kada in jawo wa dangi abin faɗa. Iya Abu, wadda ke kiranki Hanne, ta aika musu cewa Hanne fa ta hana. Aka ce a gaida Iya, tsufa ne.

Sai aka shiga gyaran gangar auzinawa. Suka buga wa bango ragar waya da ƙusoshi, suka lafta masa siminti ciki da waje, suka bi shi da fenti mai sheƙi. Bakin kwanon da kika bari ya zarce, wai ƙauyanci ne, suka datse shi, suka ɗora bulo ya ɓoye rufin irin na gidajen birni. Kafofin iska aka toshe su, wai ƙadangaru. Aka sa silin roba, da tagogin gilashi masu duhu waɗanda rabi kawai suke buɗewa, da tayil mai santsi a ɗakin da mata masu ciki ke takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Itatuwan mangwaron da kika rena da bokiti kuwa, rana ɗaya aka kwantar da su don a sami wurin kafa rumfunan baƙi. Ɓangaren baya kaɗai ya tsira, ba don tausayi ba, sai don baƙi ba za su zagaya can ba.

Ranar biki, wallahi gara da ba kya nan. An buga hotonki a atamfa an yi anko. Ke da sai an yi da gaske kike tsayawa a ɗauke ki hoto, sai ga fuskarki a ƙirjin kowa, a tumbin kowa, a mazaunan kowa. Ina kallo wata ta zauna a kanki ta buɗe lemo. Masu jawabi suka yi ta tashi. Wannan ya ce ke kika zana wata gada, ke da ba ki taɓa zana gada ba. Wancan ya ce ke mace ce mai kamar maza, aka tafa, kamar ba yabon da zai dace da ke sai an aro miki gemu. Matan da suka yi shekaru suna yaɓe bangon nan kuwa an tsayar da su bayan igiya cikin rana, 'yan banga na kora su baya. Aka yaye ƙyalle daga allon marmara, ga sunanki da ruwan zinariya, ƙarƙashinsa sunayen 'yan kwamiti, kuma nasu ya fi cin wuri. Aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, baƙi suka shiga suka ce kai, sai ka ce Turai. Da la'asar janaretan haya ya bi baƙi, aka bar mu da na'ura maƙale a bango.

Ni ban sa ankon ba. Har yau akwai dangin da ba sa amsa gaisuwata saboda haka.

Bazarar farko muka ɗanɗana kuɗarmu. Ɗakin haihuwa ya koma tanderu. Mace na naƙuda gumi na bin ta, mu ma yana bin mu, safar hannu na zamewa. Masu jego suka fara roƙo a shimfiɗa musu tabarma a ɓangaren baya tare da 'yan jinya. Da lokacin yaɓe ya yi, Iya Abu ta zo da sandarta ta tsaya gaban fentin nan ta daɗe, sannan ta zagaya baya. Ita da 'yan tsofaffi da wasu masu goyo suka shafe abin da aka bar musu, ba waƙa, ba ɗanwake.

Da ruwa ya sauko sai ya yi abin da kika ce zai yi. Bakin kwano babu, ruwa ya taru bayan bulon da suka ɗora, ya sami kan bango ya bi ciki. Fenti ya fara kumbura. Warin danshi ya kama zannuwan gado, ko an wanke ba ya fita. In na ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar ƙwarya a kife. Na je na faɗa, aka turo mai fenti. Tsaga ta fito daga taga har ƙasa, na koma, aka aiko mini da kalandar ƙungiya mai hoton ranar biki, wai a rataya a wurin kafin a duba.

Damina ta sake zagayowa, aka shiga marka, kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba. Wata ranar kasuwa da hantsi na karɓi haihuwar wata daga wajen Danja, haihuwar fari, ɗa namiji. Na kwantar da ita a ɗakin masu jego, sai uwarta ta ce warin ɗakin na tayar wa 'yarta da zuciya, a taimaka a mai da su baya. Na mai da su. Ban gama wanke hannu ba na ji ƙara, ba ma mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhunan masara daga mota. Bangon gaba ne ya zauna, daidai kan gadon da na ɗauke ta. Na je na tsaya a kai. Simintin ya ɓare gefe guda da fentinsa yana ta sheƙi, ƙasar ciki kuwa ta zama kunu, gara na yawo a cikinta. Na zauna cikin ruwa da fararen kayana.

Ubangiji ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai in ji ina son tofar da yawu.

Kafin ruwan ya ɗauke magana ta gama gari: ai dama ginin laka ba ya ƙarko. A majalisar bakin tasha wani ya ce aikin mace ke nan, kyau a ido. Kawu Bitrus, yayanki uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fi kowa baza babbar riga ranar biki, ya ce shi dama tun kina da rai ya faɗa miki. Ginin da ya yi shekara da shekaru yana shan marka ko gezau, sai da suka sa masa hannu ya faɗi, amma ba bakin da ya ambaci siminti. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na wadda ba za ta tashi ta amsa ba. Na yi ƙyamarsu, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Na yi ƙyamar gaisuwarsu, na yi ƙyamar jajensu, har hanya na canza don kada in bi ta bakin tasha.

Shi kuwa Alhaji Garba, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya tara kwamiti ya ce abin da ya faru ishara ce: za a share wurin gaba ɗaya a tayar da bene na bulo, a sa masa sunanki, karramawa ta biyu wadda ta fi ta farko. Na haɗiye fushina na je gidansa na durƙusa a zaure. Na ce na gaba dai ya riga ya tafi, don Allah a bar mana na baya. Lafiyarsa ƙalau, a ciki muke karɓar haihuwa tun da abin ya faru, kuma benen nan ba wanda ya san ranar gama shi. Ya ce, "'Yata, ai a sabon zane nan ne wurin ajiye motocin baƙi." Iya Abu ta ja mata suka je su ma, aka ba su lemo da biskit aka ce an ji kukansu. Daga baya na gane ba wurin mota ne damuwarsu ba. Muddin bangon bayan nan yana tsaye, duk mai ido zai tambayi abin da ya sa wanda suka gyara ya faɗi, wanda suka bari bai faɗi ba.

Makon jiya katafila ta zo. Mun riga mun kwashe gadaje da ma'aunin jarirai mun kai wani shago da aka ara mana kusa da masu niƙa, inda sai na ɗaga murya mai naƙuda ke jin abin da nake ce mata. Ɓangaren gaba bai ba katafilar wahala ba, taɓa shi kawai ta yi. Da ta juya baya ta kai wa bangonki duka sai ta yi tsalle ta tsaya. Ta ja baya ta sake. Direba ya yi ta fama har rana ta take, 'yan kwamiti na tsaye ƙarƙashin lema suna duba agogo, wani har yana cewa taurin kai dai irin na mai shi.

Da kusurwa ɗaya ta ɓalle daga ƙarshe, direba ya sauka shan ruwa, na matsa kusa. Mama, ban taɓa ganin cikin bangonki ba sai ranar. A bushe yake ƙamas. Ga yaɓen shekaru nan hawa-hawa, wani kan wani, wani ja wani ya fi duhu, kowanne da 'ya'yan da aka haifa a shekararsa. Na sa farce na yi ta ɓamɓarewa har na kai na can ciki, na farko, wanda ke manne da tubali. Akwai sawun yatsu a jikinsa. Ba zan rantse naki ne ba, mata da yawa suka yi aikin. Amma ɗan ƙaramin yatsan a karkace yake, irin naki da ƙofar mota ta taɓa datsewa. Na ɗora hannuna a kai. Ashe yatsuna sun fi naki tsawo, ban taɓa lura ba. Ina nan tsaye aka danna mini hon in kauce.

Na kauce. Kafin la'asar wurin ya zama fili.

Ban yi kuka a gabansu ba, kin san ni. Sai da na je gidan Iya Abu. Ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta bar ni na yi mai isata, can ta ce, "Hanne dai ta huta." Na kwantar da kaina a cinyarta kamar ba ni ce mai jikoki a hanya ba, ina jin ƙamshin makuba a zaninta. Ke nake so, Mama, amma ita ce a kusa.

Jiya Kawu ya zo da katin gayyata. Ni ake so in aza tubalin farko na benen, in karɓi lambar yabo a madadinki. Na ce masa in da sauran kunya a sa sunan wani, masu son suna ba su ƙare a garin nan ba. Ya yi kamar bai ji ba. Sai ya gyara zama ya kawo ainihin abin da ke tafe da shi. Wai kwamiti ya sami labari akwai sauran gine-ginen ƙasa da kika yi a ƙauyukan yankin nan bayan kin ajiye aiki, azuzuwa da ɗakunan shan magani, kuma suna so su bi su ɗaya bayan ɗaya su karrama. Ni ce nake raka ki wuraren, don haka in faɗa musu inda suke.

Na dubi tsabar idonsa na ce ban sani ba.

Ke kika hana ni ƙarya, Mama. Ki yafe mini wannan, don zan sake yin ta duk ranar da aka sake tambayata. Na san kowanne. Na san hanyar da ake bi, na san matan da ke yaɓe su. Suna can a tsaye, ba allo ba suna, yara na karatu cikin sanyi, kuma ko a wannan wasiƙa ba mai jin sunan ƙauye ɗaya daga bakina.

Ubangiji ya ƙara miki hutawa a gabansa, ya saka miki da abin da mutane suka kasa. Ya sauki matan garinmu lafiya a duk inda naƙuda ta same su. Ya ja kwanan Iya Abu. Ya cire mini wannan ɗaci kafin ya zame mini hali, don na san ba za ki so shi a bakina ba. Sauran ayyukanki kuwa, ya rufe idon masu karramawa daga gare su, ya ɓatar musu da hanya, ya sa a manta da wadda ta gina su. Amin.

Ina kewarki safe da yamma.

'Yarki mai biyayya, sai dai a kan wannan ɗaya,
Alheri